Abin da Na Faɗa a Kan Dooshima Ranar Kamfen

Yaya Bukar,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Falmata da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan garin Lafiya kowa ƙalau, ƙafar Baba ma ta yi sauƙi.

Yaya, makon jiya muka yi zaɓen shugabannin ɗalibai, kuma na yi abin da ke damuna. Ka tuna Dooshima, 'yar Tibi da muke ɗaki ɗaya, wadda ta yi jinyata da na yi taifot? Ta tsaya takarar kujerar walwalar ɗalibai. Ita ce ta yi ta bin ofisoshi har aka gyara mana famfo. Abokin takararta ɗan unguwarmu ne, sai 'yan ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan gari suka ce dole mu bi namu. Ranar kamfen suka miƙa min makirfo, na ce wa jama'a kada su ba baƙuwa kujera. Tana tsaye tana jina.

Ta faɗi zaɓen. Da na koma ɗaki ba ta yi faɗa ba, sai ta ce, "Hadiza, ƙuri'arki taki ce. Amma yau ni ce baƙuwa?" A Assakio, nan kusa da Lafiya, aka haife ta, Yaya, ni kuma na sani. Washegari ta kwashe kayanta ta canja ɗaki.

Gobe zan je in ba ta haƙuri, ban sani ba ko za ta saurare ni. Ka sa ni a addu'a, kuma don Allah kada Baba ya ji. Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza