Ladanina na Ingila

Laraba da dare, Bodinga

Baba ya yarda in tafi Ingila karatun digiri na biyu.

Kawu Sani ya taso daga Shagari musamman don ya hana, da hujjar da ya ji a rediyo: wai Turawa sun hana ɗalibai sa hijabi. Na ce wannan dokar makarantun gwamnatin Faransa ce. Ya ce Turai ai gari guda ne. Sai na nuna musu hoton 'yar sandar Landan da hijabinta, ba ko bindiga. Kawu ya ce wannan ko ɓarawon akuya ba ta kamawa.

Baba abu ɗaya ya tambaya: "Ana kiran salla da lasifika can?"

Na so in yi ƙarya. Na ce masallatai suna nan, amma galibi ba a jin kiran a titi.

Har na fid da rai, sai ya ce, "To ɗiyata, ni zan tada ki. Kullum asuba in bugo miki waya."

Ban gaya masa asubar can ba ta tafiya tare da ta Bodinga ba. Ko ya makara, zan ɗauka.