Karsanar da Ban Mayar Ba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana nan ma ai ba karantawa za ka yi ba, tsayawa za ka yi kana dariyar rubutuna, kamar yadda ka saba tun da ka tura ni ajin yaƙi da jahilci, kana cewa kaji ne suka yi tono a kan takarda. To yau babu mai yi mini dariya, zan rubuta yadda na ga dama.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana, dawa ce dai ba yabo ba fallasa. 'Yarmu Rabi ta sauka, namiji, an mayar da sunanka, don haka bakina ba ya iya kiransa, angona nake ce masa. Katangar bayan gida da ka shekara uku kana cewa gobe za ka gyara ta faɗi a tsakiyar damina, ƙanenka Malam Idi ya tayar da ita.

Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Malam, wata takwas da rufe ka amma har yau ana musu a kanka. A kasuwar Rogo ana yi, a teburin mai shayi ana yi, a motar Karaye in mutum biyu suka fara sai direba ya sa baki. Mata ma a gidan suna ba su bar ka ba. Wasu su ce ba a taɓa kansilan gona irinka ba, wasu su ce kai ma ɗan siyasa ne kamar sauran, ka ci kuma an kama ka. Kai da ko gardamar kuɗin cefane ba ka iya ba, sai ga shi ka zama abin gardamar gari guda.

Ni dai na san abin da ka yi, don ni na wanke rigunan da ka yi shi a ciki. Burtalin da ya taso daga wajen Kurugu ya nufi Rogo, hanyar shanu tun kakanni, gonaki sun cinye shi har wani wuri saniya biyu ba sa jerawa. Kowace damina sai shanu sun faɗa gyaɗa, sai an zare sanda, shekarar da aka zaɓe ka har an sare wa wani hannu. Ka bar mota a sakatariya, ka bi hanyar nan da ƙafa kwana uku, kai da dagatai da Arɗo da tsofaffin da suka san inda iyaka take tun suna yara. Ka fara da gonarka ta gado, ka yanke abin da babanka ya ci na burtali kafin ka taɓa ta kowa. Aka dasa itacen cindazugu dama da hagu don alamar iyaka. Tun daga ranar ba a sake zubar da jini a hanyar nan ba. Wa zai hana ni alfahari da wannan?

Kuskurenka ɗaya, kuma na faɗa maka tun a lokacin. Sakatare ya ce a rubuta, kowane mai gona ya dangwala hannu. Ka ce kunya ba za ta bar ka ka miƙa wa sa'annin mahaifinka tawada ba bayan an shafa fatiha an raba goro. Ka ce maganar dattijo ta fi takarda. Da soja suka karɓi mulki suka kafa kwamitin binciken 'yan siyasa, sai ga wasu daga cikin masu cin goron nan sun manta da fatihar sarai. Suka ce ƙwace musu gona ka yi ka ba Fulani, kuma an biya ka da saniya.

A nan ne maganar ta iso kaina, kuma ita ce ban taɓa iya yi da kai ba.

Ka san tsakanina da Dije matar Arɗo. Shekara ashirin tana sauke ƙwaryar nononta a tsakar gidanmu. Lokacin da 'yarta ta yi doguwar jinya, a ɗakina ta kwanta wata biyu ana kai ta asibiti. Da yarinyar ta warke Dije ta yi alkawarin za ta ba ni karsana, ta ƙawance, ba ruwanka ba ruwan Arɗo. Sai dai ba ta tashi kawowa ba sai sati ɗaya bayan fatihar burtali. Ka dawo ka tarar da farar karsana ɗaure a gindin darbejiya, ka tsaya ka daɗe kana kallonta. Ka ce in mayar, in ka sauka daga kujera in karɓi goma ma in ina so. Na ce to. Na ce maka na mayar.

Ban mayar ba, Malam. Ƙauyen Yola, nan kusa da mu, na aika da ita gidan ɗan'uwana Yaya Sule, ya haɗa da nasa. Na ga ai tawa ce, halalina ce, kuma ina jin nauyin fuskar Dije in na mayar mata da kyautarta. Na kuma so ta, kar in yi maka ƙarya, tunda nake ban taɓa mallakar abin da ya fi tunkiya ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne kunnenta. Tsagar shanun Arɗo ce a jiki, kuma babu wanda bai san ta ba daga nan har Rogo. Da ita aka je gaban kwamiti.

Malam Idi ne ya ba ni labarin abin da ya faru a can, don kai ba ka taɓa ba ni ba. Ya ce da aka nuna maka ita ka gane ta nan take. Lauyanka ya yi ta roƙonka ka faɗi cewa ba ka san tana nan ba, a kira ni in yi bayani. Ka ce matarka ba za ta tsaya gaban soja ana yi mata tambaya ba, abin da ya fito daga gidanka kai ne mai shi. Wata biyar ka yi a tsare a Kano. A can ka ɗauko tarin da ya zama ajalinka. Aka ba da belinka, ba a kai ga hukunci ba ka rasu, sai aka rufe shari'ar. Ba a ce ka yi ba, ba a ce ba ka yi ba.

Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba? Na shirya wa faɗa, na shirya har wa saki. Ka dawo ka rame, ka zauna a tabarmarka, na kawo maka fura. Ka sha, ka ajiye ludayi, sannan ka tambaye ni ko karsanar nan ta haihu. Na tashi na shige ɗaki. Kwana arba'in da wani abu ka yi a gida bayan nan, kullum ina cewa gobe zan durƙusa in roƙi gafara. Ashe ni ma na iya irin goben da kake yi wa katanga.

Yanzu ga labarin da na zo ba ka. Bayan na fita takaba sai na ji masu gonakin nan sun kai ƙara wurin hakimi. Suka ce tunda da saniya aka sayi burtalin, a tuge cindazugu kowa ya koma inda yake. Har an fara sare wasu da gangan. Na zauna na duba, in na yi shiru sunanka ya tafi, aikinka ma ya bi shi. Na aika wa Dije. Na ce wa Malam Idi ya raka ni Karaye. Ya ce ai abin da ka hana ke nan. Na ce ka hana a kai ni, ba ka hana in kai kaina ba.

Na durƙusa a gaban hakimi, zaure cike da maza, na faɗi komai da bakina. Na ce ni aka ba, kai ka ce in mayar, na yi maka ƙarya na ɓoye. Dije ta tashi ta shaida, da Hausarta da kake kwaikwayo in kana son ba ni dariya. Yaya Sule ma ya faɗi wanda ya aiko masa da ita. Wani tsoho daga cikin masu ƙarar ya sunkuyar da kai, ya ce shi dai an shafa fatiha da shi kuma ba zai ƙara musu ba. Hakimi ya ce burtali yana nan inda ka bar shi. Wannan karon an rubuta, kowa ya dangwala, har da dattawan da ka ji kunyarsu.

Kar ka ɗauka musu ya ƙare. Akwai masu cewa shiri ne, na ɗauki laifin ne don in wanke mijina. Amma yawanci yanzu ni ake zagi a mota, ana cewa kwaɗayin mace ya kashe mutumin kirki. Rannan a gabana wata ta faɗa, ba ta san ni ba ce. Wallahi Malam daɗi na ji, don kafin ta zage ni sai da ta ce maka mutumin kirki. Ina alfahari da kai, na ƙafa kwana uku da na wata biyar a tsare, duk da na biyun ni na jawo maka. Ka yafe mini. Na san ka yafe tun ranar furar nan, amma ban roƙa ba, yau na roƙa.

Saura amsar tambayarka. Ta haihu, Malam, mace, fara kamar uwar. Bayan rufe shari'a an mayar wa Yaya Sule da ita. Shekaranjiya da hantsi na je Yola na kwance su, ban ba kowa igiyar ba. Na koro su da kaina ta cikin burtalinka, cindazugu ya fi tsayina yanzu, har rugar Arɗo. Dije ta yi kuka ta ce ba ta karɓa, na ɗaure su a turkenta na juyo. Ka ce in mayar, na mayar, ita da 'yarta.

Allah ya jiƙanka, ya sada mu da alheri. Ka huta.

Ni ce matarka,
Ladi, wadda kake ce wa Sarkin Gardama.