Bunsurun Baffa Babayo a Tukunyar Kori

Hausari, Potiskum

Yaya Fanne,

Assalamu alaikum. Ya aikin asibiti, ya sanyin Landan? Mu lafiya lau, amma zuciyata tafasa take.

Bunsurun Baffa Babayo ya tsallako katanga ya cinye dashen lemun da Baba ya yi da hannunsa kafin ya rasu. Har ɓawon ya ɓare, itacen ya bushe ƙarau. Na je ina kuka, ƙanin ubanmu guda ya dube ni yana dariya, wai, "To Meram, ki kai shi kotu mana." A gaban mutane, Yaya! Wallahi ban yafe ba, sai ya ji abin da na ji.

Ƙanwarki,
Meram

Meram,

Wa alaikumus salam. Ina gaida kowa. Share hawayenki.

Uwar bunsurun nan ta Baba ce. Kiwo ya ba Baffa, a kan haihuwar fari tasa, ta biyu tamu. Wannan ta biyun ce, kuma Mallam Saleh liman shaida ne. Je ki karɓo kayanki a yanka.

Ki dafa shi yadda Ursula, abokiyar aikina 'yar Jamaika, ta koya mini. Su bunsuru suka fi so, mai warin nan. Kada ki tafasa ki soya irin tamu. Wanke naman da lemun tsami, ki murtsuke shi da kori, tayim, tafarnuwa, citta da albasa mai lawashi, ya kwana a ciki. Akwai wata ƙwayar yajinsu da ba za ki samu ba, sa kanumfari da masoro. Ki fara soya garin kori a mai sai ya yi duhu, sannan nama. Wuta kaɗan kaɗan. Jefa attaruhu guda kada ya fashe, dankalin turawa daga ƙarshe. Sai ki gayyaci Baffa.

Allah ya bar zumunci, ko da yake ban ga alama ba.
Fanne

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. An gama!

Ranar da Baffa ya tafi kasuwar Damagum na je gidansa da Mallam Saleh, ya ba da shaida a gaban iyalinsa, na jawo abina. Kori ya sa ni tari har maƙwabta suka leƙo, amma ƙamshin kam, ba a magana.

Jiya bayan Juma'a Baffa ya zo. Na zuba masa kan shinkafa da wake. Ya ci, ya nemi ƙari, ya tsotse ƙashi, yana cewa, "Kai, 'yar nan, ina kika samo wannan?" Na bari ya wanke hannu tukuna, na ce, "Baffa, wanda ka ce in kai kotu ne. An yanke hukunci."

Daɗi ya kashe ni, Yaya. Ya miƙe bai ɗauki hularsa ba.

Taki,
Meram

Yaya,

Salam. Na kai masa hular. Na same shi zaune a bakin turken bunsurun, igiyar a hannunsa. Ya ce uwar ta mutu bara, wannan kaɗai ya rage masa na Yayansa, wato Babanmu, kullum da safe da shi yake hira. Bai zage ni ba.

Saura rabin tukunya, na kasa ci. Ya zan yi da shi?

Ki huta lafiya,
Meram