Hujjata Ita Ce Ni Ne Ubansa

Zuwa ga ƙanena Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin can? Mu nan Gauraka lafiya, sai gajiya.

Na jawo wa kaina abin dariya. Ɗanka Nura ya ci gasar ƙwallon nan da ake bugawa a waya, a Abuja, har wata ƙungiya ta so ɗaukarsa. Suka duba kundin nan na intanet da ake rubuta tarihin mutane, babu sunansa, sai 'yan wasan waje. Tun daga nan suka yi shiru.

Na ce masa, "Bar min wannan." Ni da na tsaya a aji huɗu! Na rubuta tarihinsa da kaina. Da aka nemi hujja, na sa: "Ni ne ubansa." Kafin la'asar masu kundin sun goge. Wai sai jarida ta buga labarinsa, mu kuwa a nan ƙosai ake naɗewa da ita.

In ka san ɗan jarida, taimaka. Kullum yaron sai ya ce, "Baba, an sa?" in ce masa babu sabis. Alkawarin yana wuyana har yanzu.

A sa mu a addu'a. Gai da Hajara da yara.

Yayanka,
Mamman