Ko Ni Ne Ramammen Kifin?

Gwaggo Hidaya, don Allah ki taimake ni, zargi ya hana ni sakat. Ni tela ne a Dutsen Kura. An sa ranar aurenmu da Sakinatu bayan Babbar Sallah, sai taifot ta kwantar da ni. Na tashi kamar sillen kara, wandon da na ɗinka wa kaina ma sai na ƙara masa ƙulli.

Ita tana taya babanta kiwon karfasa a Chanchaga. Ran da na fara fita na je gaishe su, maimakon hira, sai ta ja ni bakin tafki tana nuna min yadda namijin kifi ke haƙa rami yana jiran mace. Wai macen ba ta kula ramamme mai koɗaɗɗen launi, wurin mai ƙiba da sheƙi take zuwa. Ina tsaye ta tsamo wani ramamme, ta ware shi a baho ta watsa masa abinci. To me ya kawo wannan karatu a ranar? Ga wani Sheshi mai kawo musu abincin kifi, ƙato kamar buhun gero, na tarar shi da ita suna ta dariya. Tun ranar kullum sai ta aiko min da farfesu da kunun gyaɗa. Ni dai ba na taɓawa, maƙwabta nake ba, don gani nake lallashi ne kafin a sallame ni. Raina ya ɓaci, Gwaggo. In janye tun ba a kunyata ni ba?

Mai Allura, Dutsen Kura

Ɗana, sannu da jiki. Gaskiya Sakinatu ba ta zaɓi rana ba, wanda ya tashi daga jinya zuciyarsa a kusa take. Amma mai kiwo hirar kiwo ya iya, kuma dariya da mai kawo kaya ba shaida ba ce.

Ka tambayi duk mai tafki: kifin da aka fid da rai da shi, tukunya ake kai shi. Wanda aka ware ana ɗura masa abinci, so ake ya murmure ya koma. Kai kanka ka ga bahon, sai ka tsaya kan warewar ka manta da abincin.

Kada ka rushe aure a kan zato. Je ka gaya mata abin da ya sosa maka rai cikin natsuwa, ka bar sunan Sheshi a gida. Kafin nan, karɓo kwanonka, maƙwabta ne ke ƙiba da rabonka.

Allah ya ƙara lafiya, ya nuna mana bikin.

Gwaggo Hidaya