Hasken Ƙarƙashin Kujera

Kaura Namoda,
Jihar Zamfara.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Yaya Armiya'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal da ka ce ba ya ɗaukewa? Allah ya tsare ka a inda kake. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Baba yana nan yana bin hanyar Shinkafi da motarsa ta haya, amma sawu ɗaya yake yi yanzu, shi ma sai rana ta ɗaga motoci sun taru a jere. Ƙafar Inna ta yi sauƙi. Geron bayan gida ya yi tsawo har ya wuce katanga. Da can murna muke yi, yanzu kuwa sai ka ga Baba ya tsaya yana kallonsa, don ya san 'yan bindiga a cikin gero suke ɓuya.

Ka riga ka ji a waya cewa Yaya Salima ta sauka lafiya. Abin da ba ka ji ba shi ne yadda ta je asibitin, kuma akwai laifin da na yi maka a ciki. Sau uku Inna tana miƙo mini wayar, bakina yana ƙin buɗewa, ka san halina. Shi ya sa na rubuta, zan ba Malam Tambari direban tirela ya kawo maka.

Tun da Allah ya kuɓutar da Yaya Salima daga hannun 'yan bindigar daji ta dawo gida, ba ta ƙara shiga mota ba. Ba mu lura da wuri ba, don hankalinmu yana kan ramarta da kuma mijinta Misbahu da har yau yana hannunsu. Awo ma da ƙafa take zuwa, ina biye da ita da lema. Sai ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, kada a kuskura ta haihu a gida, kuma da ta ji ciwo a kawo ta ko wane lokaci ne. Da magaribar ranar Baba ya buɗe mata ƙofar baya ya ce ta gwada. Ta sa ƙafa ɗaya, sai ta durƙushe a tsakar gida tana haki. Baba ya rufe ƙofar a hankali, ya tafi masallaci. Ka san yadda yake da ita, 'yar fari, ko sunanta ba ya faɗa.

Ni da ita muke kwana ɗaki ɗaya. Ina taje mata kai wata safiya ta gaya mini abin da ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce ranar da aka tare su a hanyar Moriki, bayan faɗuwar rana ne, direba ya ce kowa ya kwanta. Ta cusa kanta a wurin ajiye ƙafa, tsakanin kujeru, ba ta ganin ko tafin hannunta, tana jin takunsu yana matsowa. Ta ce, "Hamdiyya, ba hanya nake tsoro ba. Ramin nan ne. In na leƙa shi sai in ga kamar har yanzu ina ciki." Na ce to a kunna fitilar rufin mana. Na manta Baba ya cire ƙwan tun bara, kamar yadda duk direbobin tashar suka yi, don kada haske ya nuna su in an buɗe ƙofa. Gidanmu kuma ga shi a bakin gari. Ko tocilan ba ya yarda a kunna a cikin motar.

A nan laifina ya fara. Na tuna kwalin da ka ɓoye a ƙasan akwatinka, fitilun nan masu kala da ka sayo don ranar da za a ɗauko maka Nazifa, waɗanda Baba ya gani ya ce motarsa ba gidan biki ba ce. Na daɗe da sanin inda suke. Gaskiya nakan ɗauko kwalin in kalli hoton jikinsa, in riƙa ƙiyasta amarya a lulluɓe, hasken shuɗi yana sauka a kan lallenta, kamar dai a littattafan da kake tsokanata a kansu. A cikinsu kullum akwai wani mai hankali da yake zuwa daidai lokacin da ake bukatarsa. Na jira kwana biyu, Yaya, ba wanda ya zo. Ranar Juma'a Baba bai fita aiki ba, da ya tafi masallaci sai na ɗauki makullin.

Na kalli bidiyo a wayar Inna sau huɗu, na mutumin da ba na jin yarensa, hannunsa kawai nake bi. Sanduna huɗu ne masu laushi, kowace da gam a bayanta, duk suna haɗuwa a waya ɗaya da ake cusawa a ramin cajin waya. Ta farko da na manna a ƙarƙashin kujera faɗowa ta yi nan take, saboda ƙura da ɓawon gyaɗa na shekara da shekaru. Na share, na goge da tsumma da sipirit ɗin Inna na ƙafa, na bari ya bushe. Duk da haka zafi yana sakin gam ɗin, sai na ɗaure kowace sanda a jikin ƙarfen kujera da zaren kitso. Wayoyin kuma na tura su ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa da tsinken kitsona, kaɗan kaɗan, har babu wadda za ta harɗe ƙafar fasinja. Wanda ya shekara uku yana ɓoye littafi a cikin rigar matashin kai, ɓoye waya ba zai gagare shi ba. Biyu sun yi tsawo, na yanke su da almakashi a kan layin da aka nuna. Da ƙyar na yanke, don na san ba za su koma yadda ka bar su ba.

Na lulluɓe gilasan da tabarmi da bargo don in samu duhu, na murɗa makulli rabi. Suka kama. Ina cikin murna Inna ta ƙwala mini kira, sai fitilun suka hau walƙiya, ja, kore, shuɗi. Ashe na danna wurin da suke bin sauti. Ta ɗaga bargon ta leƙo, tana faɗa suna rawa, tana ƙara faɗa suna ƙara rawa. Ta ce, "Wagga ɗiya, aljanu kika tara wa ubanki a mota?" Daga nan dariya ta ƙwace mata. Rabon da in ji dariyar Inna tun azumi.

A haka Baba ya same mu. Ya dubi motar ya ce, "Mi ne ne wanga?" Yaya, ban taɓa yi wa Baba magana mai tsawo ba a rayuwata, amma ranar na yi, idona a ƙasa. Na gaya masa zancen ramin. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce a bari sai bayan magariba, zai tsaya a bakin gero, in ya hango ko ɗigon haske, da hannunsa zai tumɓuke su.

Ya hango. Shuɗin ya bugi gilashin gaba, ya ce tun daga can kamar shagon masu cajin waya. Ya taho zai cire, na roƙe shi ya ƙara mini gwaji ɗaya. Na kwance na gaba biyun gaba ɗaya. Na baya na juya fuskarsu ƙasa, na rufe rabin ƙwayayen da baƙin salatif, na mai da launin ruwan goro, na rage shi har ƙarshe. Ya koma bakin gero. Ya zagaya ta wajen rijiya. Ya matso har taku goma, ya durƙusa, ya miƙe. Da ya dawo bai dube ni ba, Inna ya cewa, "Ki ce wa waccan ta fito."

Yaya ta fito tana dafa bango. Na buɗe ƙofar na shiga na zauna can ciki. Ta daɗe tana kallon wurin. Babu komai sai shimfiɗar roba da na wanke da silifas ɗina. Ta sa ƙafa ɗaya, ta tsaya, ta sa ta biyu. Ta zauna tana kallon yatsunta, ta ce ashe farcenta ya yi tsawo haka ba wanda ya gaya mata. Ba ta bari an rufe ƙofa ba ranar. Washegari ta bari. Rana ta uku Baba ya kai mu har bakin tashar jirgin ƙasa ya dawo.

Ciwon ya zo ranar Laraba ana kiran isha'i. Da kanta ta shiga, ta riƙe hannuna, idonta a kan ƙafafunta har ƙofar asibiti. Aiki aka yi mata. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Yarinyar tana da dogayen yatsu irin na ubanta, an sa mata Zulai, sunan mahaifiyarsa.

Don haka ka yafe mini, Yaya. Na buɗe maka akwati ba izini, na yanke abin da ka adana don ranar farin cikinka. Biyun da suka rage na mai da su kwalin. Jiya na tambayi Baba ko in kwance na motar tunda an haihu. Yana duba mai, bai ɗago ba. Ya ce in bar su. Ya ce wanda ya yi wata biyar a daji, ba a san wane duhu zai zo da shi ba, kuma duk ranar da aka ce a je a ɗauko Misbahu, da wannan motar za shi. Kullum da yamma shi yake zare wayar da kansa don kada batir ya sauka, da safe ya mayar.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Yaya Salima ta ce ka sa su a addu'a, ita da mai gidanta. Gwaggo Tani ta zo daga Zurmi wankan jego, tana gaisuwa. Ka gaishe da Kawu Sanda da iyalinsa, da abokin ɗakinka Mubashir. Na ga Nazifa ranar suna, ban gaya mata komai ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya dawo mana da na daji.

Ƙanwarka,
Hamdiyya.