Kamun Kawuna Santimita Arba'in da Bakwai Ne

Zuwa ga Mai Girma Diraktan biron lamunin ƙananan 'yan kwangilar gini, Damagaram.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ranar Talatar da ta wuce, ƙarfe goma sha ɗaya saura minti bakwai, a taga ta biyu ta bironka, aka mayar mini da dosiyena, wato takardun neman lamuni, karo na uku. Sunana Falmata, bara na gama karatun gine-gine. Ina aiki da kawuna, Malam Gana, magini mai zanen bangon ƙasa a unguwar Birni. An ba mu gyaran fuskar wani tsohon zaure, muka nemi lamunin da gwamnati ta tsaya wa masu sana'a irin tamu, don mu sayi katakon hawa da kayan yaɓe. Mai gidan ya ce in hadarin farko ya taso ba mu fara ba, zai kira mai siminti ya shafe zanen gaba ɗaya. Kakana ne ya yi zanen nan. Wannan kuma shi ne aikina na farko.

Na ɗaya. Takardarku tana da gurbin masu famfo, masu lantarki, masu shimfiɗa karo a daɓe da masu fenti. Babu na mai zanen ƙasa. Ma'aikacinku, mutumin kirki, ya sa mu cikin masu fenti. Da na gaya wa Kawu, sai da ya yi kwana biyu yana gaishe ni da ka kawai.

Na biyu. An ce a kawo awon bango da mita. Kawu da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, shekara arba'in bango bai taɓa kawo ƙararsa ba. Na zaunar da shi na auna hannun: na dama santimita arba'in da bakwai, na hagu arba'in da shida da rabi. Na tambaye shi da wanne ya auna zauren, ya ce da wanda ba ya riƙe da goro a lokacin. Na je na sake auna zauren da kaina, da mita, sau uku.

Na uku. An nemi zanen da za a yi, a takarda, tun kafin a fara. Kawu da yatsa da cokali yake zane, laka tana ɗanya. Da ƙyar ya zana mini wani abu a bayan kwali, ya kuma gargaɗe ni cewa bai yi alkawarin bin sa ba. Wannan gargaɗin ma na rubuta shi cikin dosiye, don ba na son a kama ni da ƙarya.

Na huɗu, nan muka tsaya. Ana son faktir mai hatimi, takardar shaidar sayen makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ke hana ruwa cin bango. Wata tsohuwa daga Tirmini ce ke kawo mana ɓawon da tiya. Na roƙe ta hatimi, ta yi dariya ta ƙara mini rabin tiya.

Roƙona, ranka ya daɗe: a buɗe mana gurbinmu a takardar, a kuma karɓi dangwalen yatsan tsohuwar da shaidar mai unguwa. In kana shakka, zauren tafiyar minti goma sha biyu ne daga bironka.

Allah ya ƙara girma, ya kare rufin gidanka daga yoyo.

Abin da har yau ban sani ba:
1. Wanda ke da ikon ƙara gurbi a takardar.
2. Ko an taɓa karanta shafi na biyu na dosiyena.
3. Ranar da ruwa zai sauka. Kawu ya ce gwiwarsa ta fara ciwo, alamar damina ta kusa, ita kuwa ba ta jiran hatimi.

Wassalam.
Falmata, unguwar Birni.